Yadda Za Ka Yi Maganin Masu Taya Kaya Su Gudu, Daga Bakin Wanda Ya Sayar da Firiza Ɗaya Sau Huɗu

Ni mai walda ne, a aji huɗu na firamare na yi sallama da boko. Amma abin da zan koya maka babu malamin da ya san shi. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kayanka za su bar gidanka. Nawa sun bari.

Shekara biyu da suka wuce na sayi wata ƙatuwar firiza zan yi sana'ar ƙanƙara. Sana'ar ta yi wata uku ta mutu, firizar ta ƙi mutuwa. Ta mamaye ƙaramin ɗakinmu, ƙofar ma rabi take buɗewa. Sai ga labari surukina, baban matata, zai zo a yi masa aikin ido, zai yi wata guda a wurinmu. Matata ta tsaya a bakin ɗakin ta ce, "Maigida, nan da sati biyu Baba zai iso. In ka fitar da abin nan, nan za a kafa masa gado. In ba ka fitar ba, ɗakinmu nasa ne, ni in koma wurin yara, kai ka yi shimfiɗa a kan murfinta. Na auna, daidai tsawonka ne."

To ka ji abin da ya kai ni gwanjon waya.

Mataki na ɗaya: Kada ka karanta dokokin zaure

Zauren gwanjo guruf ne a waya. Ka ɗora hoton kayanka, mutane su yi ta taya har ƙarfe huɗu na yamma, wanda ya fi kowa shi ya ci. Akwai mai kula da shi, Admin, ya rubuta dokoki masu tsawo kamar takardar kotu. Ka wuce su. Namiji mai sana'a ba shi da lokacin wannan. Matata ce ta sa ni a zauren, can take sayar da zannuwan gado, ita ta karanta su duka. Mata suna da irin wannan lokacin.

Sai hoto. Firizata tana da lotsawa a gefe, don haka na hau kujera na ɗauke ta ta sama. Ta fito fes, 'yar ƙarama kamar kular ruwan sanyi. Haka ake so.

Mataki na biyu: Ka raina mai tambaya

Wata malamar asibiti ce ta fara magana. Tsawonta nawa? Faɗinta fa? An taɓa canja mata gas? Sannan ta taya dubu casa'in, ta ce iyakar ƙarfinta ke nan.

Ka rubuta wannan ka ajiye: mai yawan tambaya ba mai saye ba ne. Mai kuɗi ba ya neman awo, gani yake ya taya. Na ba ta amsa na ce, "Malama, firiza nake sayarwa, ba jarrabawa nake rubutawa ba."

Mataki na uku: Ka yarda da mai babban hoto

Wanda ya ci gwanjon farko, a hotonsa ya jingina da wata baƙar mota, da agogo kamar murfin gwangwani. Dubu ɗari biyu ya taya kai tsaye. Na kai wa matata wayar har gaban hancinta. Ta ce, "Motar tasa ce?" Ban kula ta ba.

Washegari na rufe shago na zauna jiransa. Na kira, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina hanya." Bayan azahar na sake kira. "Yallaɓai, ga ni nan a kwana, ka fito ma." Na fita na tsaya a rana har inuwata ta canja gefe. Kwana na biyu ya ce taya ce ta fashe. Kwana na uku wata tsohuwa ta ɗauka ta ce ba ta san kowa mai mota ba.

Kada ka ji haushi. Mutumin da ya yi kwana uku yana hanya, ka san daga nesa yake, wato kayanka sun yi suna.

Mataki na huɗu: Ka sake ɗorawa, amma da tsawa

Na sake ɗora ta, na rubuta a ƙasa da manyan baƙi: BANDA 'YAN WASA. Wannan yana aiki sosai, don duk ɗan wasan da ya gani sai ya ji an kira shi.

Malamar asibiti ta sake taya dubu casa'in ɗinta. Wani mai suna Oga Sai Nasara ya wuce ta da nisa, ya ci. Na kira shi, ya ɗauka da fara'a.

"Yaushe za ka zo ka ɗauka?"

"In ɗauki me?"

"Firizar da ka ci."

"Af, babban yaya, ni fa ba saye nake ba. Gadi nake yi a wani ofis, babu aikin yi, sai in riƙa taya in ga ko zan ci. Yau uku na ci, har da keken ɗinki. Ka taya ni murna mana."

Na taya shi, da kalmomin da ba zan rubuta su a nan ba.

Mataki na biyar: In mai saye ya zo da ƙafarsa, ka nuna masa laifinsa ne

Na uku ya zo, wannan kam na shaide shi. A kan babur ya zo, da igiyar roba ɗaya a hannu. Na tura ƙofar rabi, ya leƙa, ya dubi wayarsa, ya sake leƙawa.

"Malam, wannan uwar wadda ke hoton ce?"

Na ce ita ce dai. Ya ce shi ya ɗauka zai ɗaure ta a bayan babur ya kai wa matarsa shago. Na ce to me ya hana shi tambayar awo? Mutum ya zo sayen kaya bai yi tambaya ba, ai sakarci ne. Ya naɗe igiyarsa ya tafi. Matata tana tsakar gida tana shanya, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Saura kwana huɗu. In sa maka filo ɗaya ko biyu?"

Mataki na shida: Tunda 'yan taya ba su da amana, ka zama ɗan taya da kanka

Nan ne ilimin yake, ka buɗe kunne.

A gwanjo na huɗu kowa ya gaji da ganin firizata. Malamar asibiti kaɗai ta rage, da casa'in ɗinta, ta kuma ƙara da cewa tana da mota a-kori-kura da ƙannenta maza biyu, ranar za su ɗauka. Ni kuwa na riga na ji ɗanɗanon ɗari biyu a kunnena. Abin da take buƙata kawai abokin takara ne da zai ɗan tsikare ta.

Ƙarfe huɗu saura kwata matata ta shiga wanka ta bar wayarta a kan caji. Na ɗauka, na taya ɗari da sunanta. Can malamar ta ce ɗari da biyar. Ka gani ko? Mai cewa iyakar ƙarfinta ke nan. Na buga ɗari da hamsin, na zauna ina jiran ta biyo ni.

Ta rubuta: "Allah ya sanya alheri, 'yar'uwa."

Huɗu ta buga. Admin ya sa hoton tafi, ya taya Mai Zannuwan Gado murnar cin firiza.

Mataki na bakwai: Ka tsaya a kan gaskiyarka

Matata ta fito da tawul a kai, wayar tana ta ƙara, ƙawayenta na zaure suna tambaya ko an fara sayen kayan miji a gwanjo ne yanzu. Ta karanta a tsaye, ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Maigida, ka san doka ta shida?"

Na ce ni ba na haddace dokokin mutane.

"Wanda ya ci bai ɗauka ba cikin kwana biyu, a ɗora hotonsa a zaure a kore shi. Shekara uku ina sayarwa a wurin nan, ko sau ɗaya ban saɓa wa kowa ba. Ba a kan akwatin ƙanƙararka za a ɗora hotona ba. Na ci, zan ɗauka."

Na ce to sai ta biya.

"Na biya. Shekara biyu ina shiga ɗakin nan a karkace."

A gabana ta kira malamar asibitin, ta gaya mata komai, har da wankan. Suka yi ta dariya kamar tare suka tashi. Ta sallama mata a casa'in ɗinta na farko, ta ce sha biyar ɗin nan da aka sa ta ƙara ba na halak ba ne. Washegari da safe a-kori-kura ta iso da ƙanne biyu. Malamar ta ciro abin awo daga jaka, ta auna firizar, ta auna ƙofa, ta ce ba za ta fita ba sai an cire ƙyauren. "Da ka ba ni awon tun ranar, da mun zo da kafinta." Matata ta ce ba komai, akwai mai walda a gida. Ni na cire, ni na kama gefe guda har cikin mota, ni na mayar da ƙyauren. Kuɗin kuwa wayar matata suka shiga, tunda kayanta ne.

Admin ya cire ni daga zauren da yamma. Ya ɗora hotona kusa da na Oga Sai Nasara, ƙarƙashin rubutun "'yan taya marasa amana".

Surukina ya iso ranar da aka ce. Ya shiga ɗakin yana lalube, ya zauna a bakin gado, ya ce, "Madalla da ɗaki mai sarari. Ɗana, kai dai mutum ne mai tsari." Na ce ai dole, Baba.

Na cika alkawarina: kaya sun fita, kuma a kan katifata nake kwana. Amma ka sani, duk wanda ya bi matakan nan ya rasa kayansa, ko kuɗinsa, ko mutuncinsa a zaure, babu hannuna, kada ya zo mini shago. Ban sa ka ba, ban aike ka ba. In kuma dole sai ka kai ƙara, ka nemi matata a zaure, ita ba a kore ta ba. In ka kira ni, ina hanya.