Ranar Da Ilu Mai Faci Ya Hau Allon Sulu

Wani mutum ne a unguwar Gangaren Kuka, can cikin Funtuwa, ana ce masa Ilu Mai Faci. Shi kuwa sunan da ya raɗa wa kansa Sarkin Taya. In dai abu yana da taya, to Ilu ya taɓa tuƙa shi, ya taɓa gyara shi, har wanda ya ƙera shi ya taɓa zuwa neman shawara wurinsa. Tirela? Ya kai ta Legas da baya da baya. Jirgin sama? Shi ya yi wa wani faci a Kano, matuƙin har da hawayen godiya.

Amma fa ka kawo masa tayar babur ɗinka, wallahi kafin ka kai kwanar masallaci ta sace. Tsiii! In ka turo babur ka dawo da ƙorafi, sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Gam ɗin zamani ne, duk jabu. Ni me zan yi?" Kowa yana zargin fetur yake tsiyaya wa gam ɗin don ya yi auki, ba a dai taɓa kama shi ba.

Gaban rumfarsa akwai wani tsohon gidan mai da aka watsar. Fili ne na siminti, a ɗan karkace yake, ƙofarsa ta ƙasa tana fita kan gangaren da ya miƙe zuwa kasuwa. Ilu ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan filin nan. So yake ya mayar da rumfarsa ciki, ya buɗe wurin wankin mota, ya sa a rubuta SARKIN TAYA da jan fenti.

Yana cikin wannan mafarki sai Uwani, 'yar maƙwabcinsa, ta dawo daga bautar ƙasa da wasu alluna guda biyu. Katako ne ɗan siriri, samansa baƙi mai kaushi, ƙasansa 'yan tayoyi huɗu. Mutum ya taka, ya tunkuɗa da ƙafa ɗaya, sai ya tafi suuu! Yara suka sa masa suna allon sulu. Uwani ta tara 'yan matan unguwa, suka share filin nan tas, suka cike ramuka, suka fara koyo. Wando a ƙarƙashin hijabi, kowacce tana jiran layinta. Cikinsu har da Ladidi, 'yar Ilu ta cikinsa, wadda tun da aka fara ko abinci ba ta zama ta ci da kyau.

Abin da Uwani ta fara koya musu shi ne sauka. Yadda za ki sa ƙafa ƙasa ki tsaya, yadda za ki diro in allo ya fi ƙarfinki, yadda za ki faɗi ba ki karye ba. Ilu yana zaune a rumfa yana kallo, dariya har da riƙe ciki.

"Jama'a ku zo ku ga makarantar faɗuwa! Uwani, faɗuwa ma sai an koya? Ai ni kyauta zan tunkuɗe su!"

Uwani ta ce, "Baba Ilu, wanda bai iya sauka ba ai bai kamata ya hau ba."

Ya ja tsaki. Ganin kullum yaran ƙaruwa suke yi, har matan aure sun fara leƙowa da hantsi in maza sun tafi kasuwa, sai ya saɓa babbar riga ya nufi gidan Mai Unguwa Tanimu.

"Ranka ya daɗe, fili mai albarka kamar wannan a bar wa yara mata suna gurje gwiwa? Wannan abu ba na mata ba ne. Ni da kake gani, a kan irin allon nan nake zuwa aiki lokacin ina Legas. Kan gada nake bi, motoci suna ba ni hanya. Ɗan sanda ya taɓa bi na da babur, sai ƙurata ya gani!"

Mai Unguwa ya sa aka kira Uwani. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta saurari ƙarar har ƙarshe, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, abu mai sauƙi ne. Tunda Baba Ilu gwani ne, ya hau allon daga bakin rumfarsa zuwa ƙofar ƙasa. In ya kai ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, mun bar masa filin. In ta taɓa, ya bar mana."

"Shi ke nan?" in ji Ilu. "Ido rufe ko ido buɗe?"

Mai Unguwa ya ce, "Buɗe dai, Ilu. Asabar bayan la'asar."

Da labari ya isa gida Ladidi ta fashe da kuka. Duk unguwar babu wani wuri mai siminti, daga yashi sai kwata. In ubanta ya ci, sulu ya ƙare ke nan. Uwarta Lantana kuwa tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. Cewa kawai ta yi, "Baban Ladidi, ni dai tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin ka wuce Zariya ba."

"Ke ina ruwanki da tarihin maza?"

Ranar Asabar da hantsi Ilu ya aika aka karɓo masa allo ɗaya, wai zai duba lafiyar tayoyin. Ya zagaya bayan rumfa, ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ɗora ƙafa. Fit! Allo ya yi gabas, Ilu ya yi yamma. Tim! Ya tashi yana sosa ƙugu, ya sake gwadawa. Tim! Wannan karon har hularsa ta faɗa cikin bahon ruwan gwada tayoyi. Ya tsamo ta yana hararar allon. Ashe abin nan shaiɗani ne.

Ya zauna ya yi tagumi. Can sai ya tuna sharaɗin: ƙafa kada ta taɓa ƙasa. Ba a ce komai ba bayan wannan. Murmushi ya suɓuce masa. Ya sa hannu can ƙarƙashin tarin tsofaffin tayoyi, ya zaro wani gwangwani da ko matarsa ba ta san da shi ba. Gam ne na asali, mai kauri kamar zuma, wanda fetur bai taɓa gani ba.

La'asar na yi fili ya cika maƙil. 'Yan acaɓa sun jera babura, mata sun tsaya a gefe, yara sun ɗare katanga. Aka ajiye wa Mai Unguwa kujera. Ilu ya ce a ba shi ɗan lokaci zai yi addu'a a bayan rumfa. Ya shiga, ya lafta wa allo gam, ya lafta wa ƙasan tsohon kambas ɗinsa, ya ƙara don kada a samu matsala. Ya ɗaure igiyar takalmi tamau, ya taka allo, ya dafa langa-langa ya lallaɓo har ya kama turken rumfa ya rungume. Saman allo baƙi ne, wandonsa har ƙasa, warin gam kuwa dama shi ne turarensa. Ba wanda ya lura.

"Bismillah, Ilu," in ji Mai Unguwa.

"Ranka ya daɗe, bari tukuna in ba yaran nan tarihi."

So yake gam ya kama. Ya ba da labarin gadar Legas. Ya ba da labarin Baturen da ya roƙe shi ya je ƙasarsu ya koyar, shi kuwa ya ce ba zai bar unguwa babu mai faci ba. Ya ɗan motsa ƙafar dama. Ƙam! Ya motsa ta hagu. Ƙam! Har wani ɗumi-ɗumi yake ji a tafin ƙafa, bai dai kula ba.

"To 'yan makarantar faɗuwa, ku buɗe ido!"

Ya tunkuɗa turke. Allo ya ɗauke shi a hankali, gurrr. Ya yi tangal-tangal, ya baza hannuwa, babbar riga ta buɗe kamar shanya. Ya karkata har kowa ya ce ya tafi, sai ga shi ya dawo, ƙafa ko gezau. 'Yan acaɓa suka ɗau sowa. Uwani ta riƙe baki. Ladidi ta rufe fuska da hijabi, hawaye shar.

Ilu ya kai ƙofar ƙasa. "Na ci! Na ci! Sarkin Taya ya ci fili!"

Mai Unguwa ya ce, "To madalla, sauko."

Sauko? Ilu ya ja ƙafa, ƙafa ta ce ba inda za ta. Allo kuwa bai san an gama gasa ba. Ya fice ta ƙofa, ya hau gangaren kasuwa, gurrr ɗin nan ya koma fiiii!

"Baba, sa ƙafa ƙasa!" Ladidi ta ƙwala.

"Ina sane!"

"Baba Ilu, diro!" in ji Uwani.

"Salo ne! Na Legas!" Sai kuma murya ta canza. "Wayyo Allah! Jama'a ku tare ni! Ina birkin yake?"

Kaji suka watse, kat-kat-kat! Mai rake ya yar da wuƙa ya haye baro. Wata akuya ta tsaya tsakiyar hanya tana kallonsa, Ilu ya yi mata salati, ta kauce da kyar. Hula ta tashi sama. Can ƙasan gangare kuwa titi ne, manyan motocin auduga suna wucewa. Ilu ya hango su, ya fara kiran sunan uwarsa da ta rasu tun yana saurayi.

Sai aka ga wata mata ta fizge allo na biyu daga hannun Uwani. Ta tattare hijabi, ta taka, ta tunkuɗa sau biyu, ta durƙusa kaɗan, ta bi gangaren suuu kamar an harba ta. Ta kauce wa akuya, ta kauce wa baro. Mutane suka saki baki.

"Wace ce wannan?"

Ladidi ta daka tsalle. "Inna ce! Innata ce!"

Lantana ce. Ashe matan auren nan da ke leƙowa da hantsi, ita ce ta gaban layinsu, ranakun da Ilu ke tafiya sarin tsofaffin tayoyi. Ta cim masa gab da titi, ta damƙi wuyan babbar riga, ta sa ƙafa ɗaya ƙasa tana ja. Ƙiiii! Riga ta ce kyaaat! Ilu ya juya kamar katantanwa, ya yi gefe, ya zauna daɓas cikin kwata. Ƙafafu a sama, allo manne da su, tayoyi huɗu suna ta juyawa.

Lantana ta taka gindin allonta, ya tashi, ta cafe shi a hannu. Ta ce, "Sannu, Baban Ladidi. Haka ake sauka a Legas?"

Jama'a suka iso da gudu, Mai Unguwa a baya yana haki. Wani ya kama allo ya ja. Ilu ya taso tare da shi. Wani ya sunkuya ya shinshina.

"Gam ne! Wallahi gam ne!"

Mai Unguwa ya dube shi sama da ƙasa. "Ilu, dama ƙafar da ba ta taɓa ƙasa ba ke nan? To ga shi duk sauran jikin ya taɓa. Uwani, fili naku ne. Shi kuma zai saya muku sabon allo."

'Yan mata suka ɗau guɗa, Ladidi ta rungume uwarta. Ilu ya yi ƙasa da murya ya ce a taimaka a kwance masa igiyar takalmi ya zare ƙafa. Aka kwance. Aka ja. Ya kurma ihu har direbobin titi suka waigo. Ashe tsohon kambas ɗin nan duk huji ne a ƙasa, shi kuma bai sa safa ba. Gam ya bi ta hujin ya kama tafin ƙafa, ya haɗa fata da takalmi da katako, sun zama abu guda.

Ba yadda aka iya, haka aka tsayar da shi a kan allon. Lantana ta riƙe hannu ɗaya, Ladidi ta riƙe ɗaya, suka jawo shi gangaren nan sama zuwa kemis, ruwan kwata yana ɗiga, yara suna binsa da tafi.

A kwanar masallaci suka ci karo da Barau ɗan acaɓa yana tura babur ɗinsa, tayar da Ilu ya yi wa faci da safe ta sace. Barau ya jingine babur, ya tsuguna, ya kama allon ya girgiza da ƙarfinsa. Ko motsi. Ya miƙe ya tafa hannu.

"Jama'a ku shaida! Tun ina yaro Ilu yake faci a unguwar nan, yau ne kaɗai ya yi wanda ya wuce kwanar masallaci bai ɓalle ba!"