Tufail Ajalin Kyankyaso da Lasisin Rupi Ɗari Uku

"Ni ɗin nan da kuke gani," in ji Tufail Gondal, yana dukan teburin mai shayi har kofuna suna rawa, "in na yi tari a Multan, kyankyasan Lahore sai sun yi zawo! Ɓera kuwa yana jin ƙarar takalmina yake kwashe iyalinsa ya bar gari."

Kai abokina, kar ka ɗauka wani tsohon hannu ne. Wata uku baya babur mai ƙafa uku yake ja. Da damina ta sauka ya ga kamfanonin feshi ba sa zama, sai gogan naka ya sayar da babur ɗin, ya sayi tankin feshi na goyo da tabarau irin na masu walda, ya sa aka rubuta masa a bayan riga: Ajalin Kyankyaso.

Baba Mushtak mai shayi ya ce, "To Ajali, ka yi lasisi kuwa?"

"Lasisi? Sati biyu a aji, ga jarrabawa, ga rupi dubu goma sha biyar? Ni za a koya wa kisan kyankyaso? Tun ina shekara shida nake bin su da silifa!"

Shagon kwamfuta ya nufa. Da rupi ɗari uku aka buga masa takarda mai hatimin zinare, ga hotonsa gashin baki a murɗe. Sunan mai sa hannu kuwa, a jikin wata sanarwa ya kwafo shi a bangon ofishin ba da lasisi: Rana Sarfaraz.

Kamfanoni na feshe gida a kan rupi dubu takwas. Tufail ya yi shela shi dubu biyu ne. Sai da ya je sayen magani ya tarar kwalba ɗaya dubu uku ce. Ya sosa ƙeya, dabara ta zo. Ya zuba murfi guda a tanki, ya cika da ruwa, ya ƙara ruwan wardi don ƙamshi. Sannan ya narka mazarƙwaila ya antaya.

"Su kamfanoni bin ƙwari suke rami-rami," ya ce wa mai shagon maganin. "Ni gayyato su zan yi, su zo da ƙafarsu."

Wadda ta fara kiransa wata dattijuwa ce, Bibi Zarina, mai shirin tarar ɗanta da zai zo cin abincin rana. Tufail ya feshe kicin, ya feshe falo, ya feshe gado, har kejin aku bai bari ba.

"Inna, rufe ƙofa awa biyu. In kin buɗe, tsintsiya kawai za ki nemo da kwandon kwashe gawa."

Ya miƙe ƙafa a baranda ya cinye mata samosa shida.

Da aka buɗe ƙofa, Bibi Zarina ta yi taku ɗaya, takalminta ya manne da siminti. Gayyata dai ta karɓu! Tururuwa sahu-sahu daga gidajen maƙwabta, ƙudaje sun yi wa labule baƙi, kyankyasai sun fito da 'ya'ya da jikoki suna lasar bango.

"Wayyo gidana! Kai ɗan nan, kashe su na ce ka yi ko walima?"

"Kwantar da hankalinki, Inna. Dubi can, ga gawar farko!"

Ya nuna wani ƙaton kyankyaso kwance rigingine. Tsohuwa ta taɓa shi da sanda. Kyankyason ya juyo, ya gyara gashin baki, ya tafi a hankali kamar mai gari. Ashe ƙoshi ne ya kayar da shi.

Ana cikin haka wani dogon mutum siriri ya shigo, ya tsaya yana kallon falo.

"Kai ne mai feshin? Ina lasisinka?"

Tufail ya zaro takarda ya miƙa da yatsa biyu. Mutumin ya daɗe yana dubawa.

"Ka san wanda ya sa hannun nan?"

"Rana Sarfaraz? Aminina! Duk Juma'a tare muke cin shinkafar biriyani."

"Yaya kamanninsa?"

"Wani gajere ne mai tumbi, kansa kamar ƙwai. Bai ma san aikin sosai ba, ranka ya daɗe. In ya rikice ni yake bugo wa waya."

Bibi Zarina ta riƙe haɓa. "Sarfaraz, ɗana, yaushe ka yi tumbi ban sani ba?"

Tufail ya buɗe baki zai gyara zance, wata rina da ta biyo zaƙi ta sauka a leɓensa ta gaisa da shi.

Rana Sarfaraz bai ɗaga murya ba. Ya karɓe tanki, ya ninke takarda ya sa a aljihu, ya ce Litinin a same shi a ofis, aminai su tattauna batun tara. Sannan ya miƙa masa bokiti da tsumma. Har la'asar Ajalin Kyankyaso yana rarrafe yana wanke siminti, cinnaku na hawa masa wando, aku na yi masa dariya.

Ya doshi gida da leɓe kamar gurasa, yana shirya ƙaryar da zai yi. Yana shan kwana ya hangi mota fara fes a ƙofar gidansa, da sunan wani kamfanin feshi ɓaro-ɓaro. Maƙwabta sun taru. Matarsa Shagufta na zaune a kan kujera tana fifita.

"Shagufta! Kamfani? A gidana?"

"Baban Rimsha, wata uku kuɗin cizo na cin mu. Ka fesa sau huɗu, sai ƙiba suke yi. Na kira masu lasisi."

"Matsa in shiga in kore su!"

Ta tokare ƙofa da mafici, ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Yi haƙuri, nemi wuri ka zauna. Sun ce kar in bari ko ƙwaro ɗaya ya koma ciki."