Laifin Sirdi Ne, Ranka Ya Daɗe

Jama'a, a tsaye nake wannan rubutu. Takardar tana kan buhun albasa, ni kuma ina sunkuye a kanta kamar mai cirar ƙaya. Don Allah kada wanda ya ce mini in zauna. Maganar zaman nan ce ta kusa raba ni da rumfar da na gada wurin mahaifina a kasuwar Gwandu, kuma yau sai kun ji yadda aka yi.

Ni Garba, mutumin Malisa, albasa nake sayarwa. A da kabu-kabu ke kai ni kasuwa ya maido ni. Da mai ya yi tashin da ya yi, sai ya zama in ka tambayi ɗan kabu-kabu kuɗin tafiya, sai ya kau da kai tukuna kamar zai gaya maka rasuwa. Ban ga laifinsu ba. Maƙwabcina Sirajo kabu-kabu yake yi, kuma a layin gidan mai aka yi masa aski, a nan ya ci tuwon rana da na dare, a nan mutane suka same shi suka yi masa barkar haihuwa.

Ana cikin haka sai Mai Girma Sarkin Alƙawari ya fito a rediyo. Kada ku tambaye ni wane ne, kowane gari da nasa. Ya ce talaka ya daina kuka, ya koma hawan keke. Wai keke na motsa jini, yana rage tumbi, har a ƙasashen waje manya shi suke hawa. Wallahi yana magana kana jin sanyin motarsa a cikin muryar. Na duba cikina ban ga tumbin da za a rage ba, amma na ce babba ba ya faɗin banza.

Ƙanin matata Abdulhakeem yana gyaran keke a Kalgo. Na kira shi, ya ɗoro mini ɗaya a bayan motar buhuna. Keke dai masha Allah, fenti na ƙyalli, ƙararrawa kamar ta makaranta. Sai idona ya kai kan sirdi. Siriri, dogo, mai tsini, kamar an fere rogo an ɗaura. Na sake kiransa.

"Abdulhakeem, ina sauran sirdin? Ko ya faɗi a hanya?"

"Haba Yaya, haka yayi yake. Irinsa 'yan makaranta ke hawa nan Kalgo. Za ka saba."

Ranar farko na shiga Gwandu kamar ango. Kowa na gani sai na kaɗa masa ƙararrawa, har awaki. Washegari da asuba na yunƙura zan tashi, sai na ji kamar an kwana ana daka ni a turmi, kuma waje guda aka yi ta daka. Ba sai na faɗi wajen ba, akwai mata da yara masu karanta jarida. Wajen da Allah ya yi wa ɗan Adam don ya huta, shi ne ya zama wuta.

Na ci gaba da hawa, don albasa ba ta kai kanta kasuwa. Hanyar garinmu kuwa, Mai Girma ya sha gyara ta da baki. Kowane rami na faɗa sai sirdin nan ya isar mini da saƙon gwamnati kai tsaye.

Babu dabarar da ba mu yi ba. Matata, Innar Mubaraka, ta naɗe sirdin da tsohon zanenta, kafin in fita gari ya zame ya shiga sarƙa. Ta yanko soso daga katifarmu, yanzu katifar na da rami, ni ma ina da nawa ciwon. Sirajo ya ce buzu, na ɗaura buzu, karnukan Malisa suka raka ni har bakin gari. An shafa man kaɗanya. An dafa bagaruwa an zuba a baho, na zauna ciki kamar mai jego. Tafiyata ta koma ta ɗan kaciya, ƙafa nan, ƙafa can. Mai maganin basir ɗin nan da ke kafa lasifika a bakin kasuwa ya hango ni daga nesa, ya fasa ihu: "Ga wani can! Alamarsa ta nuna! Baba, matso, kada ka ji kunya!" A masallaci kuwa, zaman tahiya na koma yi a karkace, har na kusa da ni ya ja ni gefe ya tambaye ni ko na canza aƙida.

To, ranar kasuwar da ta wuce sai ga Mai Girma da kansa. Ya zo buɗe allon da ke sanar da cewa za a kafa kwamitin da zai duba yiwuwar gina mana sababbin rumfuna. Allon dai ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Motocin da suka rako shi, man da suka sha a ranar ya isa Sirajo ya yi kabu-kabu har ya aurar da jikoki.

Manya suka hau kujeru a inuwa. Mu aka shimfiɗa mana tabarmi a kan tsakuwar da aka zubo tun zaɓen da ya wuce. Sanƙira ya ce kowa ya zauna, Mai Girma zai yi jawabi. Kowa ya zauna. Ni ma na yi niyya, Allah ne shaida. Na kai rabin hanya, na dubi tsakuwar nan tana leƙowa ta ramukan tabarma, sai gwiwoyina suka ce ba da su ba. Na miƙe. Ban san yadda zan yi da hannuwana ba, sai na harɗe su a ƙirji.

Ku hango abin a ranku da kyau. Kasuwa guda a zaune, mutum ɗaya tsaye a tsakiya, hannu a harɗe, fuska a murtuke. Mai Girma ya ce sun share wa talaka hawaye, daidai lokacin gumi ya gangaro ya sami wajen, na girgiza kai. Ya ce hanyoyin karkara yanzu sumul suke, na tuna ramin da na faɗa da safe, ban san lokacin da "Wayyo Allah!" ya fito daga bakina ba. Sai na ji motsi a bayana. Samarin 'yan dako sun miƙe. Layin 'yan albasa ya miƙe. Masu tattasai suka bi. Mai Girma ya taƙaita jawabi, ya yaye ƙyallen allo da sauri, jiniya ta kwashe shi.

Kafin la'asar na zama wani abu. An ɗauke ni a waya, an sa mini suna Garba Ƙi-Zauna. Mahauta suka aiko da tsire. Wata tsohuwa mai daddawa ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce tun da take ba ta ga namiji irina ba. Me zan ce mata? Na ci tsirena a tsaye, suka ce ku duba, har yanzu bai huce ba.

Washegari wani yaron Mai Girma, mai baƙin gilashi, ya tsaya a gaban rumfata. Bai taya albasa ba. Ya dubi ginshiƙan, ya ce abin mamaki, aikin da za a yi ta nan daidai zai bi, rumfa ɗaya tak zai ci. Sai dai in na zo masauki na yi wa Mai Girma bayanin wanda ya turo ni. Kuma in zo tare da dattijon 'yan albasa, don a yi komai a gaban shugabana.

Nan ne na shiga uku, domin dattijon 'yan albasa surukina ne, mahaifin Innar Mubaraka. Tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Ban taɓa kama sunansa ba, Baba nake cewa. In na hango shi a hanya, ratsewa nake in durƙusa har ya wuce. Mutumin da ban yarda ya ga ina tauna ba, shi zan buɗe baki a gabansa in yi bayanin mazaunaina?

Na kai wa Innar Mubaraka shawara. Ko ɗagowa daga tankaɗen da take ba ta yi ba.

"Malam, ka hwaɗi gaskiya kawai. Rumfar ga ita ka cishe mu."

"Gaban Baba? Mi za ni ce mishi?"

"To ka zaɓa, kunya ko tuwo. Ni dai ban iya tuƙa kunya ba."

Muka je masauki, Baba a gaba, ni a baya nesa, ina jan ƙafa. Aka shigar da mu wani falo mai sanyi kamar cikin randa. Baba ya ƙi kujera, ya zauna a kan kilishi. Ni ma can na nufa, sai mai baƙin gilashi ya nuna mini wata ƙatuwar kujera da yatsa. Ya ce yau dai Mai Girma yana so ya ga zamana da idonsa. Na yi bisimilla, na runtse ido, na saki jiki.

Jama'a, ban ji komai ba. Kujerar nan ta karɓe ni kamar uwa. Ciwon da ya hana ni sakat, na neme shi sama da ƙasa na rasa. A nan na gane mun daɗe muna zaluntar manyanmu da zargi. Mutumin da ke zama a kan irin wannan, ta ina zafi zai shige shi? Ba mugunta ba ce, hanya ce babu. Ni kaina da na ɗan jima a kanta sai na fara ganin ƙasar nan ba ta lalace kamar yadda ake faɗi ba.

Muryar Mai Girma ce ta dawo da ni.

"Kai ne mai tsayuwa? Wa ya turo ka? Nawa aka ba ka?"

"Ranka ya daɗe, ba kowa. Wato... akwai wani waje ne..."

"Wane waje? Ofishin 'yan adawa?"

"A'a, ranka ya daɗe. Wajen... yana nan tare da ni."

Na saci kallon Baba. Ga shi nan zaune, carbi a hannu. Gumi ya jiƙa ni a cikin sanyin nan. Mai baƙin gilashi ya ce, "Ba shi da bayani, ranka ya daɗe. Gobe da safe sai a cire rumfar." Na ga rumfar mahaifina a kwance, na ga Innar Mubaraka da tukunya babu komai, kuma duk da haka wallahi bakina bai buɗu ba.

Sai Baba ya yi gyaran murya. Bai dube ni ba, agogon bango ya kafa wa ido.

"Ranka shi daɗe, yaron ga keke ya saye. Sabon hawa ne."

Direban da ke bakin ƙofa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Mai kawo shayi ya ajiye tire ya fita da gudu. Duk wanda ya taɓa talauci a ɗakin nan ya gane. Mai Girma kaɗai ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Keke? To sai me?"

Mai baƙin gilashi ya gane sarai, na ga bakinsa na motsi. Amma shi aikinsa ke nan, ya tace magana kafin ta shiga kunnen maigida.

"Ranka ya daɗe, ai shawararka ya bi. Ya miƙe ne don jama'a su ga ƙarfin da keke ya ƙara masa."

"Girgiza kan fa?"

"Mamakin hangen nesanka ne."

"Ihun fa?"

"Shauƙi, ranka ya daɗe."

Fuskar Mai Girma ta washe. Ya taso da kansa ya kama hannuna. Ya ce rumfata ba mai taɓa ta, har kwano za a sa mata, in kwamiti ya zauna. Na ce alhamdulillahi, har na fara sa masa albarka da zuciya ɗaya. Sai ya ɗaga hannu, wai bai gama ba. Irina, in ji shi, ba a barinsu a ɓoye. Daga yau ya naɗa ni Jagoran Mahaya Keke. Kuma za a yi gagarumin gangami don wayar da kan talaka: ni a gaba a kan kekena, tun daga Gwandu har Kalgo, shi kuma yana biye da motoci yana ba ni ƙwarin gwiwa ta taga.

Gwandu zuwa Kalgo! Tafiyar da ko a mota sai ka yi barci ka farka ka tarar ba a kai ba.

Da muka fito, Baba ya tsaya yana neman takalminsa. Ya ce wa bishiyar da ke tsakar gidan, "Allah shi sawwaƙe." Ya wuce, gemunsa na karkarwa.

Yanzu dai rumfa tana hannuna. Mahauta sun daina aiko da tsire, tsohuwa mai daddawa in ta gan ni sai ta tofar da yawu, wai an saye ni. Na kira Abdulhakeem na ce ya nemo mini sirdin dattawa, mai faɗi, mai sifirin a ƙasa, ya ce an daina yinsu, sai dai a duba wurin masu gwangwan.

Amma kada a ce Mai Girma bai damu da lafiyata ba. Jiya da hantsi mai baƙin gilashi ya kawo mini saƙo a kwali, ya ce maigida ya ce a kare Jagora daga duk wani rauni a wannan tafiya. Na buɗe. Hular kwano ce sabuwa fil, da hotonsa a goshi yana murmushi.

Na gode, ranka ya daɗe. Kan nawa dai lafiyarsa lau. Amma na auna hular a kan sirdi, kuma in aka juya hoton yana kallon sama, ta zauna daram.