Wayar da Ta Riga Malam Barau Shiga

"Lafiya lau, amarya, sai ramar rashin girkinki," in ji Malam Barau, yana gyara zama da ƙyar a kan buhun gyaɗa.

Jikarsa Surayya ce ta sauko daga motar Kano ta same shi a zaurensa a ƙauyen Gafasa, riga ta yi masa yawa. Wata uku ke nan yana fitsarin jini bai gaya wa kowa ba, wai shi jarumi, sai an gama roron gyaɗa. Ya miƙa mata wayarsa ta duba, ta cika shan data.

"Wane irin miji ne ko kaza bai yanka wa amarya ba?"

"Ke da na saka tun kina rarrafe?"

"Ni na ƙi ka. Haƙori biyu, su ma ba sa ga maciji da juna."

"Yarinya, tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta."

Tana latsa wayar tana dariya, sai dariyar ta ɗauke. Duk inda ta buɗe tallan maganin mafitsara da fitsarin jini ne.

"Me ka tambayi wayar nan?"

"Farashin taki."

"Taki ne yake fitsarin jini? Ramin ƙarya ƙurarre ne, angona."

Kunya da tsoro suka rufe shi.

"Sau ɗaya na tambaye ta da baki. Na taɓa shafi guda cikin waɗanda ta kawo, jan gargaɗi ya fito, na juyo. Ni ɗan malamai ne, ba na shiga gidan da ba a amsa sallamata ba."

"Kai ka tsaya a ƙofa, ita tuni ta shige. Kafin ka taɓa shafi take buɗe shi a ɓoye, wai don sauri. Ko da gargaɗin ya fito, sauran gidajen da ta leƙa, har da na masu talla, sun san wanda ya aiko ta."

"Ashe munafuka na saya."

"Ta fi ka gaskiya. Na kashe mata rawar kan, saura kai. Gobe asibiti."

"Gyaɗar fa?"

"Gyaɗa ba ta takaba. Ni za ka bari da ita."

Muryarta ta karye. Ya yi dariya har ciwon ya tsayar da shi, sannan ya damƙo gyaɗa ya zuba mata a gyale.

"Ga sadakinki, kin ci. Amma kada ki gaya wa babanki."

"Ni ba waya ba ce. Da bakinka za ka faɗa masa."