Bututun da Na Zube a Teburin Likita

Ko na manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na je wurin likitan fata ba.

A layinmu na unguwar Kirkissoye ni ce mai wankan jarirai, kuma ni ce mai faɗa. Yarinya ba ta wuce ƙofata da ɗankwali a karkace ban yi magana ba. Abin da na fi tsana shi ne man bilicin. Akwai Ramatu, 'yar maƙwabciyata, wadda na tsayar a taron suna na ce mata fuskarta ta yi fari, gaɓoɓin yatsunta baƙi kamar gindin tukunya. Ta tafi tana kuka, ni kuwa na gyara zama.

Sai kirci ya kama ni. Hannuwa da wuya, ƙaiƙayi, tsagewa, har da ruwa. Ba wanda ya faɗa mini komai, amma aka yi haihuwa biyu a layin ba a aiko kirana ba. Maigidana ya rasu, 'ya'yana duk sun yi nisa, wankan nan shi kaɗai ke fitar da ni cikin mutane. Na koma cin tuwo ni kaɗai, ina jiyo guɗa ta katanga.

Wani mai tallar magani a kai ya ba ni wani ɗan bututun man shafawa, ya ce na ƙaiƙayi ne. (Ban yi lakwal ba, wato boko, rubutun jikinsa da sawun kaza duk ɗaya ne a wurina.) Na shafa, na ji sanyi. Na ƙara saye. In na daina, ciwon ya dawo da fushi, sai na riƙa shafawa har fuska don rigakafi. Mata suka fara cewa, "Gwaggo, kin yi haske." Ni kuwa na ɗauka hasken alwala ne. Har nafila na ƙara.

Da fatar ta fara sirancewa tana fashewa, na hau taksi na haye gadar kogi zuwa asibiti. An ce in zo da duk abin da nake shafawa, na ɗaure su a leda. Ina shiga, wa zan gani da farar riga tana taimaka wa likita? Ramatu.

"Ina kwana, Gwaggo," ta ce, har da rusunawa.

Likitan yaro ne, sa'an autana. Ya dubi hannuwana a tsanake, ya ce in nuna kayan. Na kwance leda da isa, na zazzage. Man kaɗanya, sabulun salo, sai bututun nan da yawa, duk na matse su sarai.

Ya ɗaga ɗaya. "Inna, wannan magani ne mai ƙarfi, ba a daɗewa a kansa. Shi 'yan mata ke sawa don su yi fari. Shi ya cinye miki fata."

Na ce, "Ni?"

Ya ce, "Ramatu, ba shi ba ne?"

Ta dubi bututun, ta dubi wuyana, ta ce a hankali, "Shi ne, dokta. Nawa ma bai kai wannan ƙarfi ba."

Da ƙasa ta tsage da na shige. Na ja mayafi na rufe wuya (bayan an gama gani).

Likita ya ce ba a ɗaukar kirci daga jikin wani, ko jariri ba ya ɗauka. Ya tsara mini yadda zan janye daga bututun sannu a hankali, ya rubuta wani mai, ya hana ni ruwa mai zafi da dirza da soso da turare a jiki, ya ce in dawo ya gani. Ramatu ce ta raka ni farmasi, ta nuna mini na safe da na yamma.

Hannuwan sun lafa, launina ya dawo. Uwar Ramatu ta shaida wa matan layi cewa ciwon ba a ɗauka, an kuma aiko kirana wanka sau ɗaya. Sauran zancen ban sani ba ko ya fita. Ina duban fuskokinsu in sun gaishe ni, ban ga alama ba, ban kuma isa in tambaya ba.

Yanzu duk abin da ke da rubutu a jiki, ko garin yaji ne, sai na kai an karanta mini kafin ya taɓa ni. Kuma a layin nan kaf, wadda na yarda ta karanta mini ba ta yi dariya ba ita ce Ramatu.