Bakina da Burodin Agege

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi ceto darajar fannina ba. Na karanci yadda halitta ke ginuwa daga ƙwai har ta zama ɗan tayi, ilimin da ko a jami'a ɗalibai ke gudu. Digiri biyu, kuma ga ni ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Agege, cikin Legas. Yaran ajina kowa likita yake so ya zama, ko ɗan kwamfuta. Rukayya ce kaɗai ke tsayawa bayan an tashi ta yi mini tambayoyi, ni kuwa har na fara ganinta farfesa.

Da aka shirya taron iyaye kan sana'o'in gaba, sai na roƙi a ba ni fili. Na samo ƙwan kaza mai zakara, na yi ta renonsa cikin ɗumi (man janareto ya ci rabin albashina). Ran taro na huda ɓawon, na haska fitila, na haɗa kyamara da majigi. Sai ga wani ɗan jan ɗigo yana bugawa a jikin bango. Zuciya ce. Mahauta da 'yan tumatirin kasuwar Mile 12 suna ta tasbihi. Kaina ya kumbura. Na ce nan makomar duniya take, wannan ilimi ne uban likitanci.

Wata mata ta ɗaga hannu daga baya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Malam, me ke sa ciki ya zube tun yana ƙarami?"

Na ce a raina ga dama ta samu. Na yi ta zuba bayani, rabi da Turanci. Sai shaiɗan ya raɗa mini in ba da dariya.

"Hajiya, kamar burodin Agege ne. In kwaɓi bai tashi ba, a zubar a sake wani."

Ni kaɗai na yi dariya. Matar ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska. Shugabar makaranta ta matso ta ce mini a kunne, "Maman Rukayya ce. Ba ta daɗe da yin ɓari ba, kuma ba na farko ba ne."

Na juya wajen bango don in ɓuya a bayan ƙwaina. Ashe ina can ina surutu zafin fitila ya gama da shi. Ɗigon ya tsaya, kuma kowa ya ga tsayawarsa kafin ni.

Bayan kwana biyu na tafi gidansu ban haƙuri. Ta ba ni ruwa, ta saurare ni har na gama.

"Ba komai, Malam," ta ce. "Dama so nake in ji ko laifina ne. Dangin maigida sun ce ɗaukar kaya a kasuwa ne."

Amsar tana bakina tun ranar taro: yawanci ba laifin uwa ba ne, tun farkon halittar abin ke samun tangarɗa. Na faɗa mata. Ta gyaɗa kai, amma ban ga alamar ta ƙara yarda da maganata ba.

Zangon da ya biyo baya Rukayya ta koma ajin kasuwanci. Muna gaisawa, iyakarta ke nan.

Har yanzu ina cewa fannin nan na da gobe. Sai dai yanzu in aka yi mini tambaya, nakan fara duban fuskar mai ita. Ban dariya kuwa na bar wa kwandastan motar haya ta danfo, shi ko ya yi ɓaranɓarama fasinja zai sauka a gaba.