Ranar da Turbo Ta Haɗiye Mini Rawani

Ba zan taɓa mantawa da tafiyarmu Samnu ba, tafiyar da ba mu kai ba. Lokacin ina tuƙa wa wani Balarabe a unguwar Manshiya ta garin Sabha, Haj Salem, mota. Mahaifiyarsa ta daɗe a kwance, kuma kullum maganarta ɗaya: tana son ta ga gonarta ta dabino da ke Samnu kafin a sauke 'ya'yan bana. Zama a kujerar mota ya fi ƙarfin bayanta, shi ya sa ya sayo wata tsohuwar mota mai ɗaki, da gado da wurin dafa shayi, irin wadda 'yan yawon buɗe ido suka bari.

Ya tambaye ni ko na san injinta. Maimakon in ce a'a, sai na gyara tsayuwa na fara wa'azi. Na ce ai da can motocin nan fetur suke sha kamar ba gobe, aka koma gazuwal, wato man dizal, sai suka riƙa nishi a hawa, shi ne Turawa suka ƙara musu turbo mai jan iska da ƙarfi ta tura wa inji. (Duk a bakin garaji na tsinci wannan, ban taɓa taɓa turbo da hannuna ba.) Ya ce, "Bahi," wato madalla, "kai ne za ka kai Hajja."

Mun yi nisa da Sabha sai mota ta fara sanyi. Na buɗe, na ga matatar iska ta cika da rairayi. A tsofaffin manyan motocin da na yi yaranta a kai, can hanyar Agadas, in haka ta faru cire ta muke yi mu ɗaure bakin bututun iskar da ƙyalle. Na cire. Ƙyalle babu, sai na warware rawanina, wanda shekara da shekaru yake rufa wa sanƙona asiri, na ɗaure bakin da shi.

Haj Salem ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Dabarar Sahara ce, mudir," wato maigida.

Na tada mota, na taka wuta don in burge shi. Sai na ji wani fito, sannan ƙara kamar an zuba cokula a injin niƙa, ga hayaƙi ya turnuƙe. Na diro da gudu. Rawani ya tafi, sai 'yar jelarsa kawai ke leƙowa. Ni da bakina na ce turbo iska take ja da ƙarfi, amma ban ji kaina ba.

Ina tsaye, kai na ƙyalli a rana, na kasa kallon kowa. Da ma Haj Salem ya zage ni, da na ji sauƙi. Sai muryar Hajja daga kan gado: "Ku ba yaron nan mayafina, rana za ta dafa masa kai." Haka na dawo Sabha a motar da ake ja, da mayafin tsohuwa mai furanni a kaina.

Aka yi odar sabuwar turbo daga Tarabulus. Kafin ta iso, Hajja ta rasu. Dabinon a kwali aka kawo, aka raba wa masu ta'aziyya, ni kuwa na kasa ci. Har yau in na tuna zuciyata sai ta yi nauyi.

Yanzu in aka tambaye ni abin da ban sani ba, da wuri nake cewa ban sani ba. Ashe faɗar haka ba ta kashe mutum, ni ne dai na koya a makare.